Shekarar da Na Raba Waken Inna da Toka

Kafin in yi nisa, gara in faɗa tun yanzu cewa abin da zan ba da labarinsa ya daɗe da faruwa, kuma ban yarda da ƙwaƙwalwata gaba ɗaya ba. Na tuntuɓi yayata Hanne a kan wasu wurare, mun yi daidai a mafi yawansu, mun saɓa a kaɗan. Saboda haka inda na tabbata zan faɗa kai tsaye, inda nake zato kuma zan ce zato ne.

Wata ranar Asabar ce da hantsi, a ƙarshen kaka, shekarar da nake aji shida na firamare a ƙauyenmu da ke yankin Sundimina. An gama roron wake, an ɗora harawa a kan rufin ɗakuna da rassan itatuwa don kada awaki su kai gare ta, shanun Baba kuma an kora su gonakin bayan gari suna kalar abin da ya rage. Kakata, mahaifiyar Baba, wadda duk gidan muke kira Inna, ta shimfiɗa tsohuwar tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. A gabanta akwai tulu, da rariya, da babbar ƙwarya cike da tokar da ta yi kwanaki tana kwasa daga murhu tana tankaɗewa, sai kuma wake kimanin kwano biyu wanda ya sha rana kwana uku. Ni aka sa riƙon tulun. Sai ta zuba toka, ta zuba wake, ta ce in girgiza, ta sake zuba toka, ta sake zuba wake, haka dai har ya kusa cika. Tokar tana tashi tana shiga mata hanci, tana tari, idanunta suna hawaye, gashin girarta ya yi fari fat. Daga ƙarshe ta cike saman da toka zalla, ta kifa fasasshen kasko a bakin, ta kwaɓa laka da kashin shanu ta liƙe, ni da Hanne muka cicciɓa muka kai ƙarƙashin rumbu.

Wannan wake ba irin na kasuwa ba ne. 'Ya'yansa ƙanana ne, ja mai duhu da ɗigo-ɗigon fari, yana nuna da wuri, ba ya cin itace wajen dahuwa, kuma ranar da aka yi alale da shi har maƙwabta sai sun aiko da kwano. Ba mu san masa wani suna ba sai waken Inna. Ta ce mahaifiyarta ce ta ƙulle mata shi a bakin zane ranar da za a kawo ta gidanmu daga Kwandiko ta ƙasar Gwaram, kuma tun daga waccan damina ba ta taɓa tsallake shekara ba ta shuka shi ba. A shekarar da nake magana ruwa ya ɗauke da wuri, maruƙanmu kuma suka keta shinge suka yi ɓarna, don haka kwano biyun nan su ne duk abin da aka iya warewa na iri.

Sunan mijinta marigayi aka sa mini, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, Maigida take ce mini, kuma tsakaninmu akwai tsokana irin ta kaka da jika. Muna wanke hannu a bakin randa na tambaye ta abin da tokar take yi. Ta ce tana hana ƙwaro sakat. Na ce ai tunda ta liƙe bakin tulun, ƙwaro ba shi da hanyar shiga, wahalar tokar ta mece ce? Ta dube ni ta yi dariya har da tafa hannu. "Wa ya ce maka shiga yake yi, Maigida? Wake da ƙwaronsa yake zuwa. Shi yake haifar abinsa." Na ce wake ba ya haihuwa. Ta ce, "To, likitan boko, in ka girma ka yi naka tulun."

Dole in yi bayanin abin da ya sa maganar ta tsaya mini a wuya. A wannan zangon ne aka kawo mana wani sabon malamin kimiyya, Malam Sale, siriri mai yawan murmushi, wanda ba ya son karatun allo da alli kaɗai. Shi ya sa muka shuka masara a gwangwanaye, muka kifa wa ɗaya kwali, muka ga ta fito fara sol kamar mara lafiya. Wata rana ya zo da 'yan yankan nama guda biyu, ya sa kowanne a kwalba, ya ɗaure bakin ɗaya da ƙyalle ya bar ɗaya a buɗe, ya ajiye su a tagar aji. Bayan kwanaki warin ya kusa korar mu, amma muka gani da idonmu: wadda ƙuda ya samu shiga ta cika da tsutsa, ɗayar kuwa babu ko ɗaya. Ya ce mana Allah ya tsara kowane mai rai yana fitowa ne daga irinsa, nama ba ya haifar tsutsa, ƙuda ne ke ajiye ƙwai. Ban taɓa jin abin da ya burge ni kamar wannan ba. Ina so in wanke Malam Sale a nan: bai taɓa yi mana maganar wake ba, balle toka. Ni ne na ɗauki darasin nama na kai shi ƙarƙashin rumbu.

Daga wannan lokaci na zama abin da Hanne take kira annobar gida. In aka ce bakan gizo ya shanye hadari, sai in ce haske ne da ɗigon ruwa. In yara suka ce kwaɗi tare da ruwan sama suke faɗowa, sai in tsaya gardama har a fasa langa. A wajen kiwo, maimakon in sa ido a kan awaki, sai in tsuguna ina tonon gidan tururuwa ko ina bin sawun gwano, har akuyar Inna ta taɓa shiga rogon mutane saboda haka. Abokaina suna harbin kurciya da danƙo a gindin duwatsu, ni ina tara fuka-fukai a cikin littafi. Da yamma a makarantar allo na taɓa tambayar malaminmu ko ƙwaro yana barci, ya ce in fara haddace allona tukuna. Baba kuwa sai dai ya girgiza kai. Inna kaɗai ke biye mini, kuma kullum ita ke cin gardamar, ba don hujja ba, don ta fi ni iya baki.

Ban san tabbas kwana nawa aka yi da liƙe tulun ba, ina zaton bai kai mako biyu ba, aka yi suna a gidan wata 'yar uwarmu a wajen Surko. Mata suka tafi tun da safe, Baba ya bi shanu, aka bar ni da gadin gida. Na jawo tulun, na ɓamɓare lakar da bakin lauje, na karkata shi a kan tabarma, na shiga tankaɗe toka da rariyar Inna. Waken da ya fito na goge shi da tsumma har yana sheƙi, na zuba a wani babban gwangwanin madara da na tsinta a bayan shagon mai shayi na wanke na shanya. Ban gama juyewa ba na ji kamar ana sallama a zaure. Ashe ba kowa, amma gabana ya riga ya faɗi. Na mayar da tokar cikin gaggawa, na ƙara da rairayi don nauyi ya dawo, na kwaɓa sabuwar laka na liƙe, na shafa mata ƙasa don ta yi kama da tsohuwa. Gwangwanin kuma na danna masa murfi na cusa shi a cikin jinkar ɗakin awaki.

Na sha tambayar kaina me ya sa na yi haka. Ina so in ce tausayin tarin Inna ne, kuma akwai wannan a ciki, don har na tsara yadda zan ce mata daga bana ta huta da shaƙar toka. Amma in zan faɗi gaskiya, abin da ya fi yawa shi ne son ranar da za a fasa tulu a ga toka zalla, kowa ya ruɗe, ni kuma in fito da gwangwani in buɗe a ga wake tas, Inna ta rasa bakin magana sau ɗaya a rayuwarta.

Tun ina yaro ni mutum ne mai yawan fargaba, ba na iya ajiye abu in bar shi. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in lallaɓa ɗakin awaki, in zaro gwangwanin, in buɗe, in jujjuya waken da yatsa, in ga lafiya lau, in mayar. Makonnin farko na riƙa fitowa ina murmushi ni kaɗai. Wata Juma'a, ina jin sanyi ya fara ja baya, na buɗe na ga wani ɗan ƙwaro guda ɗaya yana tafiya a kan murfin daga ciki. Na murtsuke shi na ce wa kaina lokacin da na buɗe ne ya faɗa. Juma'ar da ta biyo na ga biyar ko shida, na kuma ga wasu 'ya'yan waken da ƙananan huji zagayayyu kamar an sa allura. Na tsince su na zubar. A nan ne ya kamata in tafi wurin Inna. Da na je a ranar, da ta zage ni, ta shanya waken a rana, ta mayar da shi toka, da mafi yawansa ya tsira. Ban je ba. Kunya da tsoro suka hana ni, kuma abin da na yi maimakon haka shi ne na daina buɗewa kwata-kwata, kamar in ban gani ba abin zai tsaya.

Bazarar wannan shekara ita ce mafi tsawo da na sani. Ana zafi, rijiyoyi sun ja baya, muna tafiya ɗibar ruwa da jaki tun da sassafe, ni kuwa duk inda nake zuciyata tana ɗakin awaki. Wani lokaci in na shiga share musu wuri sai in miƙa hannu in taɓa gwangwanin ba tare da na buɗe ba. Na ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Da na kara kunne sai na ji wani ɗan sauti a ciki, siririn ƙas-ƙas wanda ba ya tsayawa. Na rage cin abinci har Inna ta jiƙa mini sabara ta ce shawara ce ke damuna. Na sha, ina kallon ta.

Shamuwa ta dawo kan kukar bakin gari, ruwa ya sauka, aka shuka gero, aka yi noman firi, wato noman farko. A wurinmu sai gero ya tasa ake bin tsakaninsa da wake. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, Inna ta ce ƙasa ta yi, a ɗauko tulu. Baba ya riga ya saɓa sungumi yana jira a zaure. Ta fasa lakar da kanta, ta yi bisimilla, ta karkata tulun a kan rariya. Toka ta zubo, rairayi ya biyo baya. Ta girgiza rariyar, babu komai. Ta sake zubawa, ta sake girgizawa. Ta juya tulun tana duba gindinsa ko ɓera ya huda, ba huji. Sai ta zauna a ƙasa, hannunta a cikin toka, ta ce, "Innalillahi." Baba ya shigo, ya duba, ya tambayi wanda ya taɓa shiga ƙarƙashin rumbu. Wani ya tuna cewa an taɓa ganin Hanne da ƙawayenta suna dafa wake a bayan gida da rani. Hanne ta fara rantsuwa tana kuka, tana cewa na gidan su ƙawarta ne, Baba kuma ya ce ta kawo masa tsumagiya.

Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni ɗakin awaki ba. Na dawo da gwangwanin na ajiye a tsakiyar tabarma na ce ni ne. Baba ya sa bakin wuƙa ya ɓalle murfin. Abin da ya fito ba zan manta da shi ba: ƙwari baƙi ƙirin suka yi ta malalowa ta ko'ina, wasu suna tashi, wani wari mai kama da na tsohon rumbu ya bugi hancinmu, kaji kuma suka rugo daga kowane lungu kamar an yi musu shela. Rabin abin da ke ciki ya zama gari. Inna ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Maigida, ka ce ba su da hanyar shiga. To waɗannan ta ina suka shiga?" Baba ya ɗaga tsumagiyar da aka kawo don Hanne, Inna ta riƙe masa hannu. "Bar shi. Ko ka farfasa masa baya wake ba zai tsiro a kai ba. Ɗauki mashin ku tafi Kwandiko neman iri, shi ma ya bi ka, ya yi bayani da bakinsa."

Wannan ce tafiyata ta farko zuwa ƙasar Gwaram. Abin da na fi tunawa shi ne laka, da wani rafi da muka sauka muka tura mashin a cikinsa, da bayan rigar Baba da na riƙe ina ɓoye fuskata. Muka sauka gidan ƙanen Inna, Malam Buba, dattijo mai shanu da 'yar makarantar allo a ƙofar gida. Bayan gaisuwa da fura Baba ya ce in faɗi abin da ya kawo mu. Na faɗa, kaina a ƙasa. Malam Buba ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya ce, "Wai har yanzu Yaya tana shuka jan waken nan? Ai mu nan mun fi shekara goma rabonmu da shi." Ya ce fari mai manyan 'ya'ya masu saye suke nema, kowa ya koma can. Ya haɗa mu da yaro muka zaga gida-gida wajen tsofaffin mata. Kowacce ta san shi, wata har ta kwatanta ɗanɗanonsa tana lumshe ido, amma babu wadda ke da ko ƙwaya ɗaya.

Da muka dawo da la'asar Inna tana zaune a inda muka bar ta. Baba ya gaya mata. Ta ambaci sunayen gidaje uku ko huɗu tana tambaya ko mun je, ya ce duk mun je. Ba ta yi kuka a gabanmu ba, ta dai ce, "Ashe ni kaɗai na rage da shi." Sai a lokacin na gane girman abin da na taɓa. Ni a zatona gardama muke yi a kan toka, ashe abin da ke cikin tulun shi ne kaɗai abin da ya rage mata daga hannun mahaifiyarta.

Sai ta jawo wani ɗan ƙoƙo daga bayanta ta tura gabana. Bayan tafiyarmu ta juye tulun har ƙasa, ta tankaɗe tokar da ta dunƙule a gindi, wadda sallamar da na zaci na ji ta hana ni kaiwa gare ta. A ciki ta sami wake wanda bai cika tafin hannu biyu ba, lafiyayye, ko ɗaya ba huji. Washegari ta zaunar da ni a kan tabarma da abin da ya rage a gwangwani, ta ce in tsince shi ɗaya bayan ɗaya. Mai huji da yawa na kaji ne. Mai huji ɗaya, in hujin bai taɓa idon waken ba, a ware shi gefe, wataƙila yana da sauran rai. Na wuni ina wannan aiki, wuyana ya ƙage, Hanne tana wucewa tana cewa, "Sannu da bincike, likita."

Ba a kai shi gona ba. Inna ta zaɓi tsohon maɗaurin shanu da ke bayan gida, inda ƙasa ta sha taki, ta sa Baba ya yi 'yan kunyoyi. Na ɗebo waken duka zan haɗa, ta buge mini hannu. "Kar ka gauraya. Na toka a nan, masu huji a can, mu ga wanda zai fito." Na tsaya ina kallon ta, don abin da Malam Sale ya yi da kwalabensa biyu ke nan, ita kuwa ba ta taɓa taka ƙofar aji ba. Bayan kwana huɗu ko biyar na toka suka fito kusan duka, layi ɗaya gwanin kyau. Masu hujin kaɗan ne suka leƙo, wasu ma suka fito a tanƙware suka mutu.

Wannan 'yar gona ta zama aikina har kaka. Na saro ƙaya na kewaye ta, na riƙa korar kaji da zabi, na tsince tsutsa da hannu, ranar da ruwa ya yi jinkiri na ɗauko daga rijiya na zuba a gindi. Abokaina suna wanka a kududdufi, suna kiran sunana, ina zaune a kan turmi da sanda ina gadin fure. Sau ɗaya wani bunsuru ya sami kafa ya shiga, na bi shi da gudu har na fasa yatsan ƙafa a kan dutse, tabon yana nan har yau. Inna takan fito da yamma ta tsaya a bakin shingen, hannunta a baya, ta ce, "Maigida, yaya iyalinka?" in ce suna gaishe ta. Da aka yi roro aka ɓare, a tunanina ya ɗan haura kwano ɗaya, Hanne kuwa ta dage cewa ya kusa biyu. Ko ƙwaya ba a dafa ba a wannan shekara, kuma duk ranar da aka yi alale da farin wake sai wani ya tuna wa gida dalili.

Hutun ƙarshen shekara ya riga ya raba ni da firamare, amma na ɗebi 'yan ƙwayoyi daga sabon waken, da izini a wannan karon, na kai wa Malam Sale gida, na ba shi labari tun daga farko. Bai yi dariya ba. Ya ɗauko wani gilashi mai ƙara girman abu, ya jujjuya ƙwayoyin a rana, ya miƙo mini ya ce in duba da kyau. A jikin biyu daga ciki na ga wasu ɗigo farare, ƙanana ƙwarai, manne da fatar waken. Ya ce ƙwai ne, uwar takan ajiye su tun wake yana gona ko yana shanya, ɗan ya ƙyanƙyashe ya huda ya shige ciki, ya girma a can, sannan ya fito ya yi nasa ƙwan. "Wake bai haifi ƙwaro ba, a nan ka yi daidai," in ji shi. "Amma da ka tambaye ta me ta gani har ta faɗi haka, da ba ka sha wannan wahala ba." Na koma gida da gudu na gaya wa Inna maganar ƙwai. Ta ce, "To, ƙwai ne ko haihuwa ce, ai dai a jikinsa yake zuwa. Miƙo mini rariya." Ni na zuba tokar wannan shekara da hannuna, ni na yi tarin.

Abu ɗaya ta canza. Kafin a liƙe tulun ta ware ɗan kaɗan ta ƙulla a tsummoki huɗu. Uku ta aika wa wasu ƙawayenta a unguwa, ɗaya kuma ta ba wani mai zuwa Kwandiko ya kai wa Malam Buba, tare da saƙon cewa ko bai so ba ya shuka a bayan ɗaki. Ta ce ba za ta sake barin sa a tulu ɗaya a gida mai ɗan boko ba.

Sai da na je jami'a na karanci aikin gona na fahimci sauran abin, gwargwadon yadda na iya fahimta. Toka tana cike 'yan guraben da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaron da ya fito ba ya samun sararin yawo balle ya haɗu da ɗan uwansa su hayayyafa, kuma tana busar masa da jiki. Abin da ya fi ba ni kunya kuma shi ne, dabarar gwangwanin ba shirme ce gaba ɗaya ba. Da ya cika maƙil, da murfinsa yana kamawa sosai, da kuma na bar shi a rufe, mai yiwuwa ƙwarin su shanye iskar da ke ciki su mutu tun ba su yi yawa ba. Gwangwanina bai cika ba, murfin ya ɗan lanƙwashe, ni kuma kowace Juma'a ina zuwa in buɗe musu su sha iska. Ba zan rantse cewa da ya yi aiki ba, amma ina zaton fargabata ta ciyar da su fiye da rashin toka.

Yanzu in na je gida da kaka ba na ganin mai tankaɗe toka. Jarkoki ake cikawa a toshe, ko buhunan nan masu leda a ciki a ɗaure tam, wasu kuma suna jefa ƙwayar magani wadda ni kaina nake tsoron yadda ake amfani da ita. Ba na cewa a koma baya, buhun ya fi sauƙi, kuma babu tsohuwar da za ta yi tari a kansa. Ina koyar da yara kimiyya a yau, kuma duk lokacin da ɗalibi ya zo yana dariyar wani abu da kakarsa ta faɗa, nakan ce ya koma ya tambaye ta me ta gani. Inna ta rasu ina shekarar farko a jami'a, Allah ya jiƙanta da rahama. Mahaifiyata ta ci gaba da shuka waken na wasu shekaru, daga baya ƙarfi ya ragu, ƙannena suka koma fari kamar kowa, ni kuma ina can ina karatun yadda ake adana iri. Da na tambaya bara, babu wanda ya iya tuna daminar ƙarshe da aka shuka shi a gidanmu. Na yi gadinsa daga bunsuru damina guda, ban yi gadinsa daga mantuwa ba.

Akwai waɗanda suka ga waɗannan abubuwa kuma suna raye, a unguwarmu da Kwandiko. In na yi kuskure a yawan waken, ko a jerin yadda abubuwa suka faru, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba, ina roƙo a aiko mini da gyara ta hannun mutanen gidanmu, zan karɓa da godiya. In kuma a cikin jikokin matan nan uku, ko a gidan Malam Buba, akwai wanda har yanzu yake da wani ɗan jan wake mai ɗigon fari a bayan ɗaki, don Allah kada ya dafa shi duka. Cikin tafin hannu ɗaya ya ishe ni.